Bindigar Merv Ba Ta Isa Adelaide Ba

Yayana Merv Tully mutum ne da in aka ce masa doka ta hana cin abinci da hannun dama ranar Talata, ba zai tambayi dalili ba, tun Litinin zai fara gwada na hagu. Ni Glenda, ƙanwarsa, na tsufa ina fama da wannan hali nasa, kuma har yau ban saba ba.

Sana'arsa harbin kangaru. Tun yana saurayi yake fita da a-kori-kurarsa in rana ta faɗi, ya dawo da asuba ya sauke nama a ɗakin sanyin da ke bakin garinmu, Cunnamulla. Ƙa'idar aikin ita ce a kai ake harbi, kuma kowace dabba sai an maƙala mata lambar gwamnati. Akwai masu yi wa ƙa'idar hawan ƙawara in dare ya yi musu tsawo. Merv kuwa in bai ga kan dabba sosai ba, gara ya dawo da mota wayam. Shi ya sa in dokin wani ya karye, ko tsohon kare ya kasa tashi, shi ake kira. Kowa ya san Merv ba ya harbi biyu.

Bai yi arziki ba. Gidansa na kwano ne, da bishiyar lemo guda a baya, da akwatin ƙarfen ajiye bindiga wanda ya kafe a bango da ƙusoshin da za su riƙe gada. Ya taɓa juyowa daga rabin hanyar bikin ɗana don zuciyarsa ta raya masa bai murza makullin akwatin nan ba. Ya murza ɗin. Bikin ne dai ya wuce shi.

'Yarsa ɗaya ce, Narelle. Uwarta Dot ta rasu yarinyar tana sakandare, aka bar uba da 'ya a gida kamar baƙi biyu a tasha. Yarinyar ta tsani aikin ubanta tun tana ƙarama. 'Yan ajinsu kan toshe hanci in ya sauke ta a ƙofar makaranta, don duk wankin da za a yi wa motar nan ƙarni bai barinta. Tana gama makaranta ta haɗa jakarta sai Adelaide. Can ta auri Gavin, mai kiwon tumaki a kudu da birnin. Na ce da Merv, "To, ta gudu daga mai kashewa ta auri mai kiwatawa don a yanka." Bai yi dariya ba. Shi da Narelle ba su yi faɗa ba, in da sun yi ma da ya fi. Sukan gaisa ta waya, a tambayi ruwan sama, a ajiye. Tunda ta bar gida ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba.

Sai watan Janairun da gobarar daji ta bi ta yankinsu.

Ina kicin ɗin otal ɗin da nake dafa abinci, da tsakar rana, sai ga Merv ya shigo ta ƙofar baya, hula a hannu. A lokacin nan barci ya kamata a ce yana yi.

"Lafiya, tsoho? Wa ya mutu?"

"Narelle ce ta kira. Wuta ta cinye gonar. Gidan ya tsira, amma rumbu da shinge duk sun tafi. Gavin yana asibiti, hannuwansa biyu sun ƙone."

"Wayyo Allah! Ita fa?"

"Lafiyarta lau. Tumakin ne, Glen. Da yawansu wutar ta bi ta kansu amma ba su mutu ba. Bindigar Gavin ta ƙone a rumbu. Maƙwabta kowa na fama da nasa."

"Me ta ce maka?"

Ya juya hular nan a hannunsa. "Cewa ta yi, Baba, ka zo da bindigarka."

Allah ya yafe mini in na yi masa sharri, amma a fuskarsa na ga wani abu mai kama da murna, yana ta ƙoƙarin danne shi. Ban ga laifinsa ba. Abin da yarinyar ta guje shi dominsa, shi ta kira shi ya kawo mata.

A mota tafiyar kwana biyu ce, dabbar da ƙafafunta suka ƙone kuwa ba ta da kwana biyun jira. Sai jirgi. Merv sau ɗaya ya taɓa hawa jirgi a rayuwarsa, don haka na cire rigar aiki na ce da ni za a je. Ko ba komai Narelle za ta buƙaci mai dafa mata abin da za ta ci.

Ranar nan na ga amfanin taurin kansa. Ya kira kamfanin jirgin ya nemi izini, ya sa matar ta maimaita masa sharuɗɗan har ta gaji. Ya kira 'yan sandan jihar su Narelle ya tabbatar lasisinsa na jiharmu, Queensland, zai yi aiki a wurinsu. Ya zare sakatar bindigar, ƙarfen nan da ke tura harsashi, ya naɗe ta a safa daban. Ya kwantar da bindigar a doguwar akwati mai kwaɗo biyu. Harsasai ya bar su a kwalinsu na kanti, ya kawo su kan sikelin da nake auna fulawa don kada su wuce nauyin da aka yarda.

Ni ce na tuna da falmaran ɗinsa. Wata tsohuwar riga ce mai aljihu kamar gidan zuma, ba ya rabuwa da ita ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa.

"Zazzage tsummar nan a kan tebur," na ce.

Duk maharbi haka yake. Harsashi a aljihu, harsashi a kwanon makullai, harsashi a wurin zuba tokar sigari na mota. Ba sa ganinsa a matsayin makami, kamar yadda tela ba ya ganin allura. Ya zazzage: harsasai, guntun waya, lambobin kangaru, alewar da ta narke. Na bi aljihunan ɗaya bayan ɗaya da hannuna.

"Ka dai sa wata rigar mana, birni za mu."

"Aiki za ni, ba biki ba."

A ƙaramin filin jirginmu ba a binciken fasinja. Yarinyar da ke karɓar kaya ta duba lasisi, ya buɗe mata akwati ta leƙa, ta manna takarda, ta ce ya gaida Narelle. Sai da muka sauka Brisbane za mu canza zuwa babban jirgi aka ce mu bi layin na'urar haska kaya. Akwatin bindiga ya riga ya wuce ta ƙasa. Merv ya cire bel da hula da falmaran ya zuba a tire, ya tsaya yana riƙe da wandonsa.

Tire ya shiga. Bel ɗin na'urar ya tsaya. Ya koma baya, ya sake shiga, ya sake tsayawa.

"Yallaɓai, rigarka ce wannan?" in ji ma'aikacin da ke kula da na'urar.

"Tawa ce."

Mutumin ya sa safar hannu ya bi aljihunan bai samu komai ba. Sai ya fara matsa gefen rigar da yatsa, can ƙasa wajen ɗinki. Ya zura hannu ta wata huda a gindin aljihun ciki, ya lalubo cikin shafin rigar, ya fito da harsashi guda. Ya yi kore don daɗewa. Allah kaɗai ya san shekarar da ya faɗa ciki.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube irin ta Merv ba.

Aka kai mu wani ɗaki marar taga. 'Yar sandan da ta zo ba ta kai shekarun Narelle ba, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ta yi mana mutunci. Ta kawo masa ruwa. Ta saurari labarin wuta da tumaki har ƙarshe. Ta fita ta yi waya, ta daɗe, ta dawo.

"Mista Tully, na yarda kuskure ne. Amma harsashi mai rai ya shigo wurin da aka hana, maganar sai ta je gaban alƙali. Kafin nan an dakatar da lasisinka. Za a sauko da akwatinka daga jirgi, mu za mu ajiye."

"Ke 'yar nan, duba harsashin nan fa!" na ce. "Ya girme ki! Mutumin da ya auna kayansa a sikelin fulawa shi za ki mayar ɗan ta'adda?"

"Glen, yi shiru," in ji Merv. Ya dube ta. "Zan iya tafiya wajen 'yata?"

"Za ka iya. Amma ka ji ni da kyau. Kada ka taɓa bindiga, taka ko ta aro, a nan ko a can. In aka same ka da ita a hannu yanzu, ba maganar tara ba ce, kuma lasisin nan ba za ka ƙara ganinsa ba. Wanda ya ba ka aron ma ya shiga ciki."

Ya gyaɗa kai kamar ɗan makaranta. Da hannunsa ya miƙa mata makullan kwaɗon.

Jirginmu ya tafi ya bar mu. Muka samu na yamma. Na ce ya kira Narelle ya gaya mata, ya ɗauko waya ya mayar, ya ce layinsu a can bai da kyau. Layin lafiyarsa lau. Muka kwana a Adelaide, da sassafe na karɓi motar haya muka miƙa kudu.

Tun daga nesa ƙasa ta koma baƙa. Turakun shinge sun zama gawayi, waya na kwance a ƙasa. Da muka shiga gonar na ga tumakin a tsaye a gindin tankin ruwa, sun cure wuri guda, ba mai kuka. Gashinsu ya ƙone ya manne. Wasu kofatansu sun fita, suna tsaye a kan gwiwa. Likitan dabbobi na gwamnati ya riga ya zo ya shafa jan fenti a bayan waɗanda ba za su rayu ba, ya wuce gona ta gaba, ya ce masu harbi za su iso in layi ya zo kansu. Jan fentin ya fi rabin garken. Warin wurin kuwa ba zan kwatanta shi ba, ni da na yi rayuwata a gaban murhu.

Narelle ta fito da gudu, fuska duk toka. Ta rungume ubanta, abin da rabona da gani tun jana'izar Dot. Sannan ta zagaya ta buɗe but ɗin mota. Jakata ce da tasa.

"Ina take?"

Ya gaya mata. A tsaye, hula a hannu, bai rage komai ba, bai kuma ɗora wa kowa laifi ba.

Ta ce, "Ba komai. Lyle ya ce zai iya ba da aron tasa ta biyu."

Lyle Schubert maƙwabcinsu ne, dattijo mai jan wuya, shi ma kwanansa biyu yana kashe nasa tumakin. Ya iso da bindiga da kwalin harsasai, ya miƙa wa Merv.

"Kai ne maharbin da ake ba mu labari? Sannu da hanya, mutumina. Karɓi, tana ɗan ja hagu."

Merv ya mai da hannuwansa baya.

"Ba ni da lasisi, Lyle. Jiya aka dakatar."

Lyle ya dube shi, ya dubi gonar da ba kowa sai hankaki. "To, ni dai ban ji abin da ka ce ba. Kunnena ya toshe da ƙarar harbi."

"Ni na ji abin da na ce."

Na ja shi gefe ta hannun riga. Raina ya gama ɓaci.

"Kai, wa zai gan ka a nan? Tumakin ne za su kai ƙara?"

"Motocin gwamnati na yawo gona gona, ba ki gansu a hanya ba? In suka tsaya suka ce ina lasisi fa? Ni na tafi, Lyle ma ya tafi."

"Lyle ya ce ya ji ya gani!"

"Glen, na kusa saba'in. Ba ni da fansho, ba ni da gona. In aka karɓe lasisin har abada me zan ci?"

"Ka ci doka mana! Ka dafa ta da albasa! 'Yarka ce fa, Merv. Yau ɗaya ta kira ka."

Hannuwan nan dai suna baya. Tsoro ne ko gaskiya ce, na juya abin a raina har na gaji. Ina jin shi kansa bai san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Narelle ta ji komai. Ita tana da lasisi, irin na masu gona, wanda Gavin ya sa ta yi don ta riƙa sayo masa harsashi in ta shiga gari. Gwangwani kawai ta taɓa harbi, ranar gwaji.

"Lyle, ba za ka iya tsayawa ba?" ta tambaya.

"'Yata, nawa na can suna jira, wasu tun shekaranjiya. Ki yafe ni."

Ta dubi ubanta. Ta ba shi lokaci, na rantse ta ba shi. Sannan ta miƙa hannu ta karɓi bindigar.

"Nuna mini," ta ce.

Haka aka yi aikin. Merv ya riƙa janyo mai jan fenti a hankali, ya daidaita mata kai, ya ɗora yatsa a daidai wurin da za a harba, ya ja da baya ya tsaya a kafaɗar 'yarsa. "Kada ki rufe ido. Saki numfashi. Matsa a hankali, kada ki fizga." Ta farko ta kuskure. Tunkiyar ta faɗi tana shure-shure, Narelle ta ƙwalla ƙara, hannunta ya kasa tura wani harsashin. Na ga hannun Merv ya taso har ya kusa kai wa bindigar, ya tsaya a iska, ya koma.

"Ja sakatar baya. Tura. Yanzu, Narelle, yanzu."

Ta harba. Ta juya ta yi amai a gindin tanki, ta goge baki da hannun riga, ta ce a kawo ta gaba.

Na tsani yayana a ranar nan, kuma na tausaya masa kamar in mutu. Ya yi aikin mutum uku. Shi ke kamowa, shi ke jan gawa zuwa ramin da motar haƙa ta tona, shi ke yi wa kowace tunkiya magana ƙasa-ƙasa kafin ya ja baya. Bayansa mai ciwo ne amma bai zauna ba. Ko kwalin harsasan bai taɓa ba, ni ce mai miƙawa. Kafin la'asar Narelle ta daina kuskure, ta kuma daina kuka. Wasu tumakin ta san su, ita ta shayar da su da kwalba a kicin suna ƙanana marayu. In aka kawo irin waɗannan sai ta ce, "Sannu, yarinya," ta ɗaga bindiga. Washegari aka ci gaba. Masu harbin gwamnati sun iso bayan an gama, suka sha shayi suka wuce.

Bari in faɗi yadda shari'ar ta ƙare tun yanzu, don ba ita ce ta dame ni ba. Da sanyi ya shigo alƙali ya saurari maganar, ya ce kuskure ne na mutumin da bai taɓa laifi ba, ya yi masa gargaɗi. Aka mayar masa da lasisi da bindiga. Yana nan yana aikinsa, ana kiransa in doki ya karye.

Mun yi kusan mako biyu a gonar. Merv ya kafa sabon shinge, ya gyara famfo, ya kai ni asibiti muka duba Gavin. Ni na yi ta girki ana mayar mini da rabi. Narelle ba ta ɗaga masa murya ba ko sau ɗaya. Takan zuba masa shayi, ta ce ya ƙara burodi, ta gode masa kan shinge kamar yadda ake gode wa ɗan kwangila. Da safe nakan tarar da ita a bakin ƙofa da kofin da ya huce a hannu, tana kallon wajen ramin. Kafaɗarta ta dama ta yi baƙi ƙirin saboda dukan gindin bindiga.

Ranar da za mu tafi ta rako mu mota. Ta rungume ni. "Na gode, Gwaggo." Merv ya riga ya zauna, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Ya yi ta gyaran murya.

"Kin yi ƙoƙari, Narelle. Hannunki ya faɗa. Ban taɓa ganin wanda ya koya da wuri haka ba."

Da ma ya yi shiru. Shi a wurinsa babu yabon da ya fi wannan, shi ya sa ya ba ta.

Ta dafa ƙofar motar ta sunkuyo. Muryarta ba fushi a ciki, gara a ce da akwai.

"Baba, na san masu harbi za su zo. Ko ba daɗe ko ba jima wani zai yi. Ni dai na kira ka ne don kada ya zama ni."

"Narelle, da na taɓa ta..."

"Na sani. Shigar da ƙafarka."

Ya shigar. Ta rufe masa ƙofar a hankali, ta juya ta nufi gida, ba ta tsaya ganin fitarmu ba.

Na tuƙa. Baƙar ƙasa ta wuce, muka shiga inda ciyawa ke da rai. Mun kusa Adelaide kafin ya ce in tsaya a gefen titi. Ya fita ya je ya kama wayar shingen wani da hannu biyu, ya ba ni baya. Na kashe mota na jira shi.